Gyara-Duniya da Ƙofa Mai Kuka

Ku matso ku ji ta mijin yayata, wanda duk layinmu ke kira Gyara-Duniya a bayan idonsa, Injiniya a gaban idonsa. Shagon gyare-gyare gare shi: fanka, famfo, dutsen guga, kwaɗo, keken ɗinki, duk wani abin da ya yi yajin aiki. Tsakani da Allah hannunsa na yi. Matsalar kawai hannun ba ya jin "bari". In ya zo duba ka a asibiti, kafin ya ce maka sannu ya riga ya shige ƙarƙashin gadon yana ɗaure noti. Ga baki kuma. In kana sauraronsa, sai ka ɗauka ba don shi ba da tuni sama ta karkace ta faɗo mana a ka.

To autarsa ita ta fita zakka a gidan. Tun tana ƙarama ba ta da aiki sai zane da haɗe-haɗen tarkace. Da ta girma sai ta shiga sahun masu fasahar nan ta zamani, waɗanda za su jingina tsintsiya da bango su ce maka ka yi tunani. Ana nan sai babban gidan baje kolin zane-zane na cikin gari ya karɓi aikinta tare da na wasu matasa. Alƙalai za su zagaya su zaɓi mutum guda, a ba shi ɗakin aiki a cikin ginin, da malamai, da kayan aiki. Ita kuwa Auta ta riga ta yi wa iyayenta alkawari: in ba a ɗauke ta ba, ta ajiye zane ke nan, ta koma shagon ubanta tana miƙa masa sifana. Yarinyar nan gara mata a ce ta sha ruwan batir.

Ranar da labari ya iso shagon Mai Aski, inda muke zaman kashe rana, Gyara-Duniya ya miƙe da rabin aski a ka.

"An gama!" in ji shi. "Ku rubuta ku ajiye. Zan shiga gidan nan, zan fito da abu biyu a hannu. Na ɗaya, alƙalan nan da sun ga 'yar wane ce, magana ta ƙare. Na biyu, kwangilar gyaran ginin gaba ɗaya. Babu babban ginin da ba ya yoyo ta wani wuri. Ni dai in sa ƙafa."

"Injiniya, zauna in ƙarasa maka," in ji Mai Aski. "Kanka ma yanzu ya isa a baje shi."

Na ce, "To Injiniya, ka san fasahar zamanin kuwa?"

"Ni? Kai, ƙanin mata, raini ne ko tambaya? Kafin a haifi masu yin ta nake lanƙwasa ƙarfe."

Ya gayyaci Mai Aski ya zo ya zama shaida. Ni ba sai an gayyace ni ba. Inda za a yi abin kallo kyauta, ko a kan gadon asibiti nake sai na ce a tura ni.

Da safiyar ranar Auta ta tare shi a bakin ƙofar gida, ta haɗa hannu biyu.

"Baba, don girman Allah, abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka taɓa komai."

"Ni yaro ne?"

"Komai, Baba. Ko ka ga abu yana faɗuwa, ka bar shi ya faɗi."

"Na ji."

Yaya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baban Auta, wannan jibgegen kwat ɗin fa, a wannan zafin?"

"Shigar manya ce. Ba za ki gane ba."

Muka gane a bakin ginin. Mai gadi ya shafa masa sandar nan mai bincike, sanda ta fasa ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Aka ce ya zazzage aljihu. Sifana ta fito. Filaya ta fito. Guduma ƙarama, guduma babba, nadin waya, ƙusoshi cikin ƙyalle, har da zarto ɗan guntu daga aljihun ciki.

Mai gadi ya ce, "Baba, kallo ka zo ko rushe ginin?"

"Ɗana, likita na fita ba allura?"

"A nan dai ba mara lafiya."

"Haka kowane mara lafiya yake cewa."

Aka tattara kayan aka zuba a kwando. Auta ta yi ajiyar zuciya, ta kama hannun uwarta suka wuce inda aka tara masu aikin don su jira alƙalai. Tana tafiya tana waiwaye. "Kawu, amana," in ji ta.

Na ce, "Je ki abinki, 'yata, yana hannuna."

Yana hannuna kuwa, haka ma 'yar kwalbar man keken ɗinkin da ya ba ni in riƙe masa tun a mota. Sukuddirebansa kuma tana cikin safa, sandar mai gadi ba ta sauka ƙasan gwiwa ba.

Muka shiga ɗakin farko. Sanyi, tsit, ƙasa sai ƙyalli, mutane na tafiya a hankali kamar sun zo gaisuwar rasuwa. A bango ga wani ƙaton allo fari fat, babu ko ɗigo a jiki. Wani mutum mai kwat ya tsaya a gabansa ya riƙe haɓa.

Gyara-Duniya ya matsa kusa da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne mai kayan? Kada ka biya shi. Shafin farko kawai ya yi ya gudu. Na san halin masu fentin nan."

Mutumin ya dube shi, ya matsa gaba da sauri.

"Ka gani? Abin ya yi masa ciwo," in ji shi.

Can gaba sai ga wani zane an rataye shi a karkace, gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa. Na ga idon Gyara-Duniya ya fara rawa. Ya tura hannuwa cikin aljihu. Ya juya wa zanen baya. Ya yi taku kaɗan, ya dawo.

Mai Aski ya ce, "Injiniya, alkawari."

"Ai ba taɓawa zan yi ba."

Ya jingina da bango kamar mai hutawa, ya sa kafaɗa ya tura zanen har ya miƙe sambal. Ya koma baya ya kanne ido ɗaya ya auna, ya gyaɗa kai.

Wata ma'aikaciya mai baƙar riga ta taho da gudu-gudu, ta sa safar hannu, ta mayar da zanen karkace yadda yake.

"Yarinya, ke kika karkatar da shi dama?"

"Baba, haka mai shi yake so."

"Wuyansa ne a karkace?"

"Haka aikin yake. Don Allah a daina taɓawa."

Tana juya baya ya sake sa kafaɗa. Ta dawo ta karkatar. Ya sake. Sai da suka yi ta yi kamar masu jan guga, har ta tsaya a gaban zanen ta harɗe hannu, ta ƙi motsi. Muka wuce yana girgiza kai.

"Kun ga abin da nake faɗa? Ma'aikata sun yi yawa, mai gyara babu. Kwangilar nan tawa ce."

Ɗaki na gaba ya fi ban mamaki. An jera benci, mutane sun zauna sun rufe ido. A tsakiya an kafa famfo a jikin wani bututu, ƙarƙashinsa babban kwanon ƙarfe. Ɗis. Shiru. Ɗis. Shiru. Wata mata har da hawaye.

Gyara-Duniya ya raɗa mini, irin raɗarsa da ake ji daga bakin titi, "Dubi bayin Allah. Famfo ya lalace, sun zauna suna kuka, an rasa namiji ɗaya da zai tashi."

Na ce, "Abin tausayi, wallahi."

"Roba ce ta cinye, ba wani abu ba."

"Ai sai mai ido, Injiniya."

Ya zare hankici, ya yi sanɗa ta bayan benci, ya naɗe kan famfon, ya murɗa da wannan hannun nasa mai kama da filaya. Ɗis ɗin ya ɗauke.

Shiru ya yi shiru. Mutane suka ci gaba da jira ido a rufe. Suka jira. Wani ya buɗe ido ɗaya. Matar nan mai hawaye ta leƙa cikin kwano. Sai ga wani saurayi mai gemu har ƙirji ya faso taro yana dafe da kai.

"Wa ya kashe mini Lokaci? Wa ya kashe Lokaci?"

Mai Aski ya duba agogonsa ya ce, "Nawa dai yana tafiya."

Ashe sunan aikin ke nan. Mai Gemu ya kama famfo ya murɗa, ya ƙi. Ya sa hannu biyu, ya ƙi. Wanda Gyara-Duniya ya ɗaure ai sai dai a kira shi ya kwance. Saurayi ya taka bakin kwano ya ja da iya ƙarfinsa, kan famfon ya fita fit ya bar shi da shi a hannu, ruwa ya yi tsiri har silin. Masu tunani suka watse, wannan na kare waya, wannan na kare gashi, wani tsoho ya zame ya zauna daɓas cikin kwanon.

Gyara-Duniya ya ja mu waje yana cewa, "Kun ga aikin wanda bai iya ba. Ni na gyara, shi ya ɓata. Ku shaida ne."

Muka faɗa wani ɗan ɗaki mai duhu don mu ɓuya. Ƙwan fitila guda ne a rataye, yana kawowa yana ɗaukewa, ana ganin wasu inuwoyi na rawa a bango. Kafin in buɗe baki ya riga ya miƙa hannu ya murɗa ƙwan. Haske ya gauraye ɗaki. Inuwoyi suka ɓace. Abin da ya rage sai 'yan kwalaye a kan zare, da wani mai gadi da ya samu lungu yana sharar barci baki buɗe. Ya zabura ya sara mana, ya ce, "Ina nan, ranka ya daɗe!"

"Ci gaba da aiki," in ji Gyara-Duniya, ya wuce kamar shi ya gina wurin.

Daga nan muka hau bene, muka shiga ɗaki na ƙarshe, babba, mai baƙin labule a bango guda. A tsakiyarsa ƙofa ce tsaye ita kaɗai a cikin katakonta, ba gini a dama, ba gini a hagu. Tsohuwar ƙofar katako, shuɗin fentinta ya kode, ƙasanta duk zanen yara da gawayi. Mutane na bin layi, kowa ya tura ta ya wuce. In an tura sai ta saki wani kuka, ƙiiiiiii, ya yi sama, ya karye, ya ƙare da ƙyat kamar shaƙuwa. Duk wanda ya wuce sai ka ga ya yi murmushi. Wata dattijuwa ta ce, "Wayyo, gidan kakata!"

Ni dai tun daga bakin bene na gane kukan nan. Ƙofar kicin ɗin yayata ce. Na sha tura ta in na je satar nama a tukunya, ita ke tona mini asiri. Wannan shi ne aikin Auta da ta ɓoye wa kowa.

Na dubi maigidan ƙofar. Ko gezau. Ya zagaye ta yana tsaki.

"Kai, duniya da malalata take. Wane irin maigida ne zai bar ƙofarsa tana wannan kuka? Wannan ba miji ba ne, kayan ɗaki ne."

Na ce, "Wataƙila ba shi da lokaci, Injiniya."

"Lokacin me? Ɗigon mai? Ina tausayin matar mutumin nan. In da ƙanwata ce, da na je na ɗauko ta."

Mai Aski ya ce, "Allah ya shirye shi dai."

"Ba zai shiryu ba. Irinsu sai surutu a waje."

A daidai nan aka yi shela ta lasifika cewa alƙalai sun fara zagaye daga ƙasa. Jama'a suka sauka kallo, ɗaki ya rage daga mu sai ƙofa. Gyara-Duniya ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

Na ce, "Auta fa ta ce..."

"Auta za ta gode mini. Ka ce alƙalai su zo duba aikin 'yata wannan abin na damun kunnensu? Kawo."

To ni mene ne nawa? Mai kaya ya nemi kayansa.

Ya ɗiga mai a hinjin sama, ya ɗiga a na ƙasa. Ya zaro sukuddireba daga safa ya ɗaure ƙusoshin da suka saki. Ya kaɗa ƙofar gaba, ya kaɗa ta baya. Kukan ya koma ƙi, ya koma i, ya mutu. Ƙofa ta riƙa lilo shiru kamar fiffiken malam-buɗe-littafi.

Ya buɗe hannuwa. "Ku saurara. Me kuka ji?"

"Ba komai."

"Sunan aikin Injiniya ke nan."

Sai ga Auta ta hauro da gudu, uwarta na biye tana haki. Ta zo ta yi duban ƙarshe kafin alƙalai su iso. Ta yi mana murmushi, ta sa yatsa ta tura ƙofa.

Shiru kake ji.

Ta sake turawa. Ta jawo. Ta duƙa ta shafa hinji, ta ɗago yatsa yana ƙyalli. Ta dubi yatsan, ta dubi ubanta, ga sukuddireba a hannunsa.

"Baba."

"Ba sai kin gode ba. Ina naki aikin yake?"

"Baba, shi ne wannan."

"Wanne?"

"Kukan, Baba! Kukan shi ne aikin! Muryar Gidanmu sunansa, ga shi a rubuce a bango!"

"Gidan wa?"

Yaya ta ajiye jakarta a ƙasa, alamar za a daɗe. "Gidan ubanwa kuwa? Baban Auta, dubi ƙofar nan da kyau. Ƙofar kicin ɗina ce. Tun ina goyon yarinyar nan nake roƙonka ka sa mata mai. Gobe, jibi, bari in dawo daga shago. Sai yau, a gidan mutane, ranar da kukan ya zama abin arziki?"

"Ƙofar kicin tana gida! Ai na gyara ta. Ba kin ji ta daina kuka ba kwanan nan?"

"Ta daina kuka don ba ta nan! Labule ne a wurin! Kullum sai ka ɗaga shi ka shiga ka tambayi abinci!"

Mai Aski ya ce, "Injiniya, ɗazu ka ce a je a ɗauko matar mutumin. Ga ƙaninta nan, ko ya tafi da ita?"

"Rufe mini baki, mai kan kwano!"

Auta ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa, ta ce a hankali, "Shi ke nan. Kawu, gobe ka raka ni in sayo rigar shago."

Nan fa ido ya raina fata. Duk cika bakin Gyara-Duniya, Autar nan ita ce ransa. Ya tuɓe kwat ya yar.

"Tashi, uwata, tashi. Wanda ya kashe kuka ai shi zai tashe shi. Ba a yi ƙofar da ta gagare ni ba."

Ya goge man da hankici. Shiru. Ya kwance ƙusoshin da ya ɗaure. Ƙofa ta ɗan sunkuya, amma shiru. Ya ruga wajen wata tukunya da aka shuka fulawa a kusurwar ɗakin, ya ɗebo ƙasa ya cusa a hinji. Ta yi ɗan gurnani sau ɗaya, ƙasar ta bi mai ta zube, shiru. Ya tofa mata yawu. Ya roƙe ta. Ya zage ta. Ya kai mata duka da tafin hannu, mariƙin ya cire ya gangara ƙarƙashin benci.

Yaya ta ce, "Abin da ka gyara a duniya bai taɓa yin kwana uku ba, sai wannan."

"Mai ne mai kyau," in ji shi, har a lokacin bai fasa ba.

Muka ji takun jama'a a kan bene.

Gyara-Duniya ya dubi ƙofa, ya dubi baƙin labulen bango, ya damƙi wuyan rigata.

"Ƙanin mata, saurara. Kukan nan na haddace shi, a kunnena ya tsufa. Zan shiga bayan labule. Ba zan ga ƙofar ba, don haka duk wanda ya tura, ka yi tari. Ina jin tarinka, zan saki kuka."

Auta ta ce, "Baba, a'a!"

Ina! Ya riga ya shige. Mai Aski ya mayar da mariƙi ya maƙala, ya tura kwat ɗin ƙarƙashin benci da ƙafa.

Alƙalai suka shigo, jama'a fal a bayansu, har da Mai Gemu a jiƙe sharkaf da ma'aikaciyar nan mai baƙar riga. Shugabarsu wata doguwar mata ce mai furfura, tabarau a kan hanci, fuskar nan ba wasa. A gefenta wani tsohon alƙali mai sanda. Auta ta miƙe ta yi bayani. Shugaba ta gyaɗa kai, ta miƙa hannu ta tura ƙofa.

Na yi tari.

"Ƙiiiiiii... ƙyat!"

Wallahi ko ƙofar ba ta kai shi iyawa ba. Har shaƙuwar ƙarshe. Shugaba ta ɗaga gira. Yaya ta rufe baki da gyale. Shugaba ta jawo ƙofar, na yi tari, kuka ya fito. Na fara ganin kamar za mu sha.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne sanyin na'urar ɗakin. Mai Aski mutum ne mai ciwon ƙirji. Shugaba ta saki ƙofa, ta juya tana magana da abokan aikinta, sai Mai Aski ya ce, "Uhum-uhum!"

"Ƙiiiiiii... ƙyat!"

Kowa ya juyo. Ƙofa na tsaye ƙyam, ba mai taɓa ta.

Wata mata ta ce, "A'uzubillahi!" ta janye ɗanta.

Tsohon alƙali ya matsa kusa ya kara kunne a jikin katako. Ƙurar ƙasar fulawa ta shige masa hanci. Ya kama tari, irin na tsofaffi mai hawa-hawa, ba birki.

"Ƙii! Ƙii! Ƙiiii! Ƙi-ƙi-ƙiiii!"

Tsoho na tari, labule na amsawa. Shugaba ta tura ƙofar da sauri don ta gwada, ni kuwa dariya ta riƙe mini maƙogwaro, tari ya ƙi fita. Ƙofa ta buɗe shiru, ta rufe shiru. Tana tsayawa, wani can baya ya yi atishawa. Aka ɗan yi jim, sannan murya ta fito daga bayan labule a hankali: "Wannan tari ne ko me?"

Shugaba ta taka har gaban labule. Ga takalma biyu sun leƙo ta ƙasa, sukuddireba a soke a safa. Ta kama labulen ta yaye.

Ga Gyara-Duniya a tsaye cikin singileti, ido a rufe, wuya a miƙe, baki a tsuke, jijiyoyi sun tashi, yana jiran tari. Tsohon alƙali ya ƙarasa nasa na ƙarshe.

"Ƙiiiiiii..." Ya buɗe ido ya ga gari guda na kallonsa. "...ƙyat," ya ƙarasa a hankali, don shi ba ya barin aiki rabi.

Ɗaki ya fashe. Wayoyi suka tashi sama.

"Shi ne!" in ji Mai Gemu. "Shi ya kashe mini Lokaci!"

"Shi ne mai kafaɗa!" in ji ma'aikaciya.

Gyara-Duniya ya gyara tsayuwa ya miƙa wa Shugaba hannu. "Ranki ya daɗe, dama ke nake nema. Ginin nan naku yana buƙatar..."

"Yi shiru, Baban Auta," in ji Yaya. Ya yi.

Shugaba ba ta yi dariya ba, amma na ga tabaraunta na rawa. Ta juya wajen Auta. "Wane ne wannan?"

"Mahaifina ne."

"Yana cikin aikin?"

Auta ta dubi ubanta. Ta daɗe tana dubansa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murza hankici kamar ɗan makarantar da aka kama da rake a aji. Sai na ga yarinyar nan ta share ido, ta miƙe kafaɗa.

"Yana ciki, ranki ya daɗe. Ƙofar nan tun kafin in yi wayo take kuka tana neman mai gyara, mai gyaran kuwa a cikin gidan yake kwana. Yau ya gyara ta. To kukan ba zai tafi a banza ba. Shi ya gaje shi."

Wani ya fara tafi, saura suka ɗauka. Shugaba ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Yarinya, ban yarda da ke ba ko na sisin kwabo. Man nan ko bushewa bai yi ba. Amma wadda aikinta ya mutu a gabanta ta tashe shi a tsaye, ina son in ga abin da za ta yi in an ba ta ɗaki." Ta dubi abokan aikinta, suka gyaɗa kai, tsoho na share hawayen tari. "Sai dai aikin da muka zaɓa shi ne wanda muka gani. Ƙofa da mai kuka. Kullum, daga buɗewa zuwa rufewa, har a tashi baje kolin. Kuma a cire labulen nan, a kawo masa kujera ya zauna inda kowa zai gan shi. Zai iya?"

Gyara-Duniya ya buɗe baki. "Ranki ya daɗe, ni fa ina da shago, ina da mutunci a..."

Auta ta ce, "Baba."

Ya dube ta. Ya rufe bakinsa.

"Zai iya," in ji Yaya. "Ni zan riƙa kawo shi da kaina."

Aka kawo kujera aka dasa a gefen ƙofa. Ya zauna, gwiwoyi a haɗe. Kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin bene. Mai Gemu ne a gaba, ya tura ya jawo, ya tura ya jawo, sai da aka janye shi. Ma'aikaciya ta buɗe ƙofar rabi ta riƙe, ta bar shi da kuka a maƙale har ya fara shiɗewa. Mai Aski ya kira duk 'yan layinmu a waya ya ce su hau mota yanzu-yanzu.

Da layi ya zo kaina, na tsaya na naɗe hannun riga. Na sa ɗan yatsa guda a jikin katako, na fara turawa a hankali, a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri.

"Ƙiiiiiiiiiii..." Idonsa ya yi ja, numfashi na ƙarewa, ni ko rabi ban kai ba. Ya saci iska ya ce ta gefen baki, "Za ka dawo unguwa ka same ni, ɗan banza."

Na juya wajen Auta na ce, "'Yata, zo ki duba aikinki. Ƙofar nan ta fara zagin baƙi."